Yadda Ake Sabunta Injin Tsohon Babur a Gida, Irin CG 125

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin sabon babur ya haura miliyan ɗaya. Wannan ya sa tsofaffin mashinan da aka jingine a zaure da bayan ɗaki suka sake yin daraja a Katsina. Da yawansu gangar jikin lafiya lau take, inji ne kawai ya gaji: yana hayaƙi, yana shan baƙin mai, ba ya iya jan mutum biyu. Irin wannan inji mutum zai iya sabunta shi a gidansa in yana da haƙuri da 'yan kayan aiki, ban da aiki biyu da dole sai an kai wa masu na'ura, wato borin (faɗaɗa ramin da fistin ke hawa da sauka a ciki) da gyaran kiranshaf (babban ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji).

Bayanin nan a kan injin Honda CG 125 ne da ire-irensa da kamfanonin China ke ƙerawa da sunaye daban-daban. Ka duba ƙasan injin ta gefen hagu, in ka ga lambar ta fara da 156FMI ko 157FMI, to galibi shi ne. In 162FMJ ce, galibi ƙanensa ne mai cc 150, aikinsu ɗaya, faɗin fistin ne ya bambanta. Honda ta fito da CG a 1975 musamman don ƙasashen da ba a cika canza baƙin mai a kan lokaci ba. Shi ya sa ba shi da sarƙar taimin. Kam ɗinsa na ƙasa, haƙori ke juya shi, tudu ɗaya ne a jikinsa, shi ke buɗe bawul biyun ta hanyar sanduna biyu da ke turawa sama. Don mai koyo babu injin da ya kai shi sauƙi. Mai Bajaj Boxer zai amfana da yawancin abin da ke nan, sai dai nasa akwai sarƙar taimin da za a saita. Tsohuwar Jincheng mai shan mai haɗe da fetur kuwa zancenta daban ne.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu: a ƙasar nan ƙura ce ke cinye inji. Ita ta cinye wannan da za ka buɗe, kuma in ka bar ta ta shiga lokacin da kake aiki, sabon fistin ma ba zai kai damina biyu ba.

Ka tabbatar injin ne ke da ciwo

Ba kowane hayaƙi ke nufin a buɗe inji ba. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, ka nemi laifin a kafireto ko soson iyakilina da ya toshe. Hayaƙi fari mai shuɗi-shuɗi, mai warin ƙonannen baƙin mai, wanda ke ƙaruwa in ka murɗa totur, wannan ringi ne da bulok, wato gidan da fistin ke ciki. In kuwa da safe kawai yake yi, da inji ya ɗumama ya daina, sil ɗin bawul ne ya bushe.

In kik ya zama babu nauyi, kada ka yanke hukunci sai ka duba sararin bawul, domin bawul da aka ɗaure da yawa ba ya rufewa, iska na zurarewa, sai ka ɗauka ringi ne. In sararin daidai yake, cire fulogi, ka zuba baƙin mai cokalin shayi ɗaya ta ramin, ka mayar, ka taka kik. Ya yi nauyi? Ringi ne, man ya toshe inda iska ke bi na ɗan lokaci. Bai canza ba? Bawul ne ko fakin tof, wato shimfiɗar da ke tsakanin bulok da kan inji. Sai kuma kunne: ƙara siririya daga sama ta bawul ce, amma bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke fitowa sosai in inji ya ɗauki kaya, konrod ne, wato sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, kuma shi ke nuna sai an tsaga inji gida biyu.

Wurin aiki da kaya

Kada ka yi wannan aiki a ƙofar gida ko ƙarƙashin bishiya, balle a cikin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Nemi ɗaki ko zaure mai siminti, ka share, ka yayyafa ruwa, ka shimfiɗa kwali ko buhu mai tsabta. A gaya wa yara nan ba wurin shigarsu ba ne har a gama, don ɗan kilif ɗaya da ya ɓace zai tsayar da kai yini guda. Wankin kaya da kananzir ko man dizal za ka yi, ba fetur ba. Fetur a buɗaɗɗen kwano cikin gida, ga murhu a tsakar gida, haɗari ne babba. Ka bar taga a buɗe ta ɓangaren da iska ba ta kaɗowa.

Za ka buƙaci soket da sufana lamba 8, 10, 12, 14 da 17, sufanar fulogi, sukundireba ta bugu don tsofaffin sukurori da suka kafe, filaya mai tsinin baki, gudumar roba, da filagej, wato siraran ƙarafan auna sarari. Filagej ba ta da tsada, kuma ba a yin aikin nan da ƙiyasin ido. Abubuwa uku kuma ka aro wurin bakaniken unguwarku: fular cire kwanon maganeto, soket mai haƙora huɗu na notin matatar mai, da abin matse sifirin ɗin bawul. Tara gwangwanayen madara da na tumatir ka wanke su, kowane sashe da gwangwaninsa. Kusoshin murfi ba tsawonsu ɗaya ba, don haka zana siffar murfin a kwali, ka huda, duk wadda ka cire ka soka ta a gurbinta. Wayarka kuma ta zauna kusa, ka ɗauki hoto kafin ka cire kowane abu.

Kada ka sayi ko washa ɗaya tukuna. Awo ne zai gaya maka abin saye.

Kwancewa

Wanke mashin ɗin fes tun jiya, musamman ƙarƙashin tanki da tsakanin fikafikan bulok inda yashi ke maƙalewa. Tashe shi ya ɗan ɗumama, ka kwance babban murfin da ke ƙasa ta hagu ka tsiyaye mai a kwano mai tsabta. Sifirin da 'yar raga za su biyo murfin, ka lura da yadda suka zauna. Fitar da kwanon zuwa rana ka duba. Ƙyalli kaɗan ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe da kake ji a yatsa yana nufin wani abu na cin kansa a ƙasa.

Cire sit, tanki, wayar batir, kafireto, salansa, wayar kuloci, wayoyin maganeto, sandar giya da kik. In fistin da bawul kawai za ka taɓa, injin zai iya zama a jikin mashin, ka cire ƙarfen da ke riƙe tof daga sama kawai. In za ka shiga ƙasa, to kafin ka sauke shi, cire murfin dama da na hagu ka sassauta manyan notocin nan, na maganeto da na matatar mai, tun yana ɗaure a firam. Sa giyar ƙarshe tun kafin ka cire sandar giya, wani ya taka maka birkin baya. In kuloci na zamewa, cusa naɗaɗɗen tsumma tsakanin haƙoran da ke bayan matatar. Kada ka soka sukundireba a haƙori.

Yanzu sama. Cire murfin tof da kusoshinsa uku. Juya inji har harafin T na jikin kwanon maganeto ya zo daidai da alamar da ke murfi, roka biyun, wato ƙarafan da ke danna bawul, kuma suna ɗan motsi in ka taɓa su. Kwance kusoshi uku na gadon roka, ɗaga shi gaba ɗaya, zare sanduna biyun, ka sa wa ta gefen kafireto alama. Sassauta notoci huɗu na tof kaɗan-kaɗan a gicciye, kada ka cire ɗaya gaba ɗaya sauran na ɗaure. Akwai doguwar kusa guda ta gefen hagu wadda mutane ke mantawa, su yi ta dukan tof yana ƙin tashi. Ita ce kuma ke riƙe da sandar ƙananan rokoki biyu da ke gindin bulok. In tof ya kafe, buga shi a hankali da gudumar roba a inda yake da kauri. Fikafikan nan da sun ji guduma sai su karye.

Ƙananan kusoshi biyu ne suka rage a gindin bulok ta hagu. Cire su, ka ja bulok sama a miƙe, ɗaya hannun na tare fistin kada ya bugi bakin kes, wato gangar ƙasan inji. Nan take, kafin komai, toshe bakin kes da tsumma mai tsabta. Sannan ka cire kilif ɗaya, ka turo fin, wato sandar da ke riƙe fistin a konrod, fistin ya fita. Ka adana gajerun bututun ƙarfe da ke zama a gindin dogayen kusoshi, kuma ka lura da kusar da ke da 'yar robar zagaye, ta jikinta mai ke hawa zuwa tof.

Kama konrod, ka kawo shi ƙololuwa, ka ja shi sama ka danna ƙasa a miƙe. Motsin gefe da gefe kaɗan halinsa ne. Motsin sama da ƙasa kuwa, ko yaya yake, ya mutu. Sa fin a idon konrod ka girgiza, in yana rawa ko idon ya yi shuɗi don zafi, shi ma haka.

Awo, da zuwa wurin mai borin

Nan ne ake asarar kuɗi. Abin da aka saba yi shi ne a sayo ringi a zura a tsohon bulok, hayaƙi ya ɗauke wata biyu, ya dawo. Dalili kuwa bulok ba ya cinyewa daidai. Ya fi ci daga sama inda wuta take, ya fi ci gaba da baya fiye da gefe, don haka ramin ya daina zama da'ira. Sabon ringi zagayayye ne, ba zai taɓa kama bangon da ya karkace ba.

Ga yadda za ka gane. Shafa farce daga cikin ramin zuwa baki. In farcen ya maƙale a wani ɗan tudu dab da sama, bulok ya ci. In akwai zane a tsaye da farce ke faɗawa ciki, ya ci. Sannan ɗauki ringin sama, sa shi cikin ramin, tura shi da kan fistin don ya zauna a daidaice, ka auna tsagar bakinsa da filagej a wuri biyu: can ƙasa inda ringi ba ya kaiwa, da kuma kamar santimita ɗaya da rabi daga sama. In tsagar sama ta fi ta ƙasa a fili, borin ya wajaba. Sabon ringi a lafiyayyen bulok tsagarsa tsakanin milimita 0.15 ne zuwa 0.35.

Faɗin ramin CG 125 na asali milimita 56.5 ne, na 150 kuma 62. Fistin masu ƙarin girma suna zuwa da 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00, lambar na bisa kansu. Goge kan tsohon fistin ka gani, mai yiwuwa an taɓa yin borin kafin mashin ya zo hannunka. In an kai ƙarshe, sai sabon silib, wato bututun ƙarfen da ke cikin bulok, ko sabon bulok.

Tsarin tafiyar shi ne ka fara kai bulok wurin mai borin kafin kasuwa. Ka ce masa, "Sannu da aiki, Oga. Don Allah a auna mini wannan, wace lamba zai ɗauka?" In ya faɗa, ka je wurin 'yan sifiya da tsohon fistin da fin a aljihu, ka gwada tsawo da kaurin fin da idonka, domin na China ba duka suke ɗaya ba. Ka dawo masa da sabon fistin ɗin, shi zai auna ya yanka ramin daidai da shi. Sararin da ke tsakaninsu bai wuce milimita 0.05 ba, saboda haka wanda ya ce zai yi maka borin ba tare da ya riƙe fistin ba, ɗauki kayanka ka ƙara gaba. Ka kuma roƙe shi ya goge ramin da dutse har zanen gicciye ya fito, wannan zanen ke riƙe mai har ringi ya zauna.

Ka tambayi kuɗin cikakken saiti, bulok da fistin da ringi da fakin a kwali ɗaya, wani lokaci bai fi kuɗin borin da fistin ba. Ra'ayina dai, in bulok ɗinka na Honda ne na asali, yi masa borin ka sa fistin mai kyau, ƙarfensa ya fi na yawancin saitin da ke kasuwa. Kayan babur da yawa daga Nnewi suke biyowa zuwa Kano da Katsina, kuma abu ɗaya kan zo hawa-hawa. Ka ce wa mai shago na kirki kake so, ka biya. A ringi da fakin tof da kilif ba a neman araha.

Bulok ya dawo daga borin, ga shi yana sheƙi, amma cike yake da garin dutse da ido ba ya gani. Kananzir ba ya fitar da shi. Ruwan zafi da omo da buroshi za ka sa, ka wanke, ka goga farin ƙyalle da ɗigon mai a ciki. Muddin ƙyallen na fitowa da toka-toka, sake wankewa. Da ya fito fari, busar da shi nan da nan, shafe ramin da baƙin mai don tsatsa, ka ɗaure shi a leda.

Tof da bawul

Kifa tof, fulogi na ciki, ka cika kwarmin da kananzir, ka bar shi minti goma. In ya zubo ta ramin kafireto ko na salansa, wannan bawul ɗin ba ya rufewa. Matse sifirin, cire 'yan ƙarafa biyu da ke riƙe da shi, ka sa su a gwangwani nan take don tsalle suke yi. Babban bawul na shigar mai ne, ƙaramin na fitar hayaƙi. Kankare baƙin da ya daskare da guntun alminiyam ko katako. Zaro bawul kaɗan daga gurbinsa ka girgiza, in yana lilo sosai, bututun da yake bi ya buɗe, a kai wa mai borin ya canza. Bawul da ya lanƙwashe ko bakinsa ya ƙone, sabo za a sa.

Sai nika. Shafa garandin fes, wato man nika mai yashi-yashi, kaɗan a bakin bawul, ka kiyaye kada ya taɓa sandarsa. Mayar da shi gurbi, kama shi da sanda mai roba a baki ko guntun tiyo, ka murza tsakanin tafukanka kamar yadda ake burga miya da maburgi, kana ɗagawa kana ɗan juya shi kana mayarwa. Fara da mai kaushi, ka ƙare da mai laushi. Abin da kake nema zobe ne mai launin toka, faɗinsa kamar milimita ɗaya, wanda ya zagaye bawul da gurbinsa babu yankewa. Da ya fito, tsaya, yawan nika nutsar da bawul yake yi. Wanke fes ɗin sarai, don shi ma yashi ne. Sa sabon sil, shafa mai a sandar bawul, mayar da sifirin ciki da waje, ɓangaren da zagayensa ya fi matsewa yana kallon ƙasa wajen tof. Maimaita gwajin kananzir.

Mirgina sanduna biyun a kan gilashi, wadda ta yi ɗingishi ta lanƙwashe.

Gefen dama, gefen hagu, da tsakiya

Ko da sama kawai ka yi niyyar gyarawa, buɗe murfin dama. Akwai wani kwano a bakin kiranshaf mai murfi da sukurori uku. Shi ne matatar mai ta gaskiya a injin nan: yana juyawa da gudu, datti na mannewa a bangonsa. A tsofaffin mashinan da ke yawo a gari, da wuya ka sami wanda aka taɓa buɗe shi. Za ka tarar da baƙin laka ya daskare, wani har ya cike. Kankare shi tas. Duk wanda ya sa sabon fistin ya bar wannan kwano a cike, dattin shekaru zai koma kan sabon aikinsa. In ka cire notin mai haƙora huɗu, washar da ke bayansa kumburarriya ce, gefen da aka rubuta OUTSIDE shi ke kallonka. Famfon mai yana bayan kwanon, juya haƙorinsa ka ji yana tafiya sumul. Duba faya-fayan kuloci, in sun yi baƙi suna warin ƙuna ko sun sirance, canza su, ka jiƙa sababbin a baƙin mai tun dare.

A hagu, kwanon maganeto da fula kawai ake cire shi. Duka da guduma na karkatar da kiranshaf, yana kuma raunana maganaɗisun. Kula da ɗan makullin da ke zaune a tsagar shaf. Bayan nan kam yake da haƙorinsa. Duba tudun kam da fuskar ƙananan rokoki, in sun yi ramuka ko sun zaizaye a canza su tare. Wajen mayarwa akwai ɗigo a haƙorin kam da ɗigo a haƙorin kiranshaf, su haɗu baki da baki. Iyakar taimin ɗin injin nan ke nan.

Tsaga kes kuwa, in konrod lafiya yake, giya ba ta fita da kanta, babu ɓarɓashi a mai, ka bar shi a rufe. In dole ne, cire duk kusoshin, ka sake zagayawa ka tabbatar babu saura, kwantar da inji, ka raba shi da gudumar roba, kada ka cusa ƙarfe tsakanin fuskokin. Ɗauki hoton giya kafin ka taɓa, ɗaga shaf biyun tare da cokulansu, ka ɗaure kowanne da waya don washoshi kada su zube. Kiranshaf ɗin nan matse shi aka yi da na'ura, ba a raba shi a gida. Ko dai a kai wa mai na'urar matsi ya sa sabon konrod ya daidaita shi, ko ka sayi cikakke da boris ɗinsa. In wannan ne karonka na farko, babu laifi ka kira bakanike ya tsaya maka ranar rufe kes, musamman wajen sifirin ɗin kik. Kafin ka ɗaure, juya shaf ka shiga kowace giya da hannu. Duk sil ɗin da ka gani, na kik, na sandar giya, na sufroket, sa sabo.

Haɗawa

Wanke hannu, canza shimfiɗa. Kankare tsohon fakin daga kowace fuska da reza a kwance, ba tare da ka yanki alminiyam ba. Kada ka yi amfani da gam a fakin tof ko na gindin bulok. Gam ɗin da ya matso ciki yana gutsurewa ya toshe hanyar mai, roka su bushe.

Gwada kowane sabon ringi a cikin bulok da filagej kafin ka sa shi a fistin. In tsagar ba ta kai 0.15 ba, ɗan goge bakin da lallausan fayil, don in ya yi zafi zai kumbura ya kama. A fistin, ringin mai ake fara sawa, mai guda uku: mai lanƙwasa a tsakiya tukuna, bakinsa na haɗuwa ba tare da ya hau juna ba, sannan siraran biyu sama da ƙasa. Sai na biyu, sai na sama, wanda yawanci gefensa ke da farin ƙyalli. Harafin da ke kusa da tsagar kowanne sama yake kallo. Buɗe su da manyan yatsu kaɗan kawai, suna karyewa. Raba tsagogin kashi uku a zagayen fistin, kada biyu su hau layi ɗaya, kada kuma wata ta tsaya saitin fin.

Rubutun IN na kan fistin baya yake kallo, wajen kafireto. Sa sabon kilif ɗaya tun a ƙasa, shafa mai a fin da idon konrod, zura, sa kilif na biyu tsumma na nan a bakin kes. Tsohon kilif ba ya komawa, ko da ya yi kyau a ido. Juya shi a gurbinsa ka tabbatar ya faɗa, bakinsa kuma kada ya tsaya a inda aka yanke don filaya.

Cire tsumma, sa fakin gindi da bututun ƙarfe, shafe ramin bulok da fistin da mai. Sauko da bulok a hankali, kana matse ringi ɗaya bayan ɗaya da yatsu har ya shige. In ya tsaya, kada ka buga, ɗaga ka duba, ringi ne ya fito daga gurbinsa. Sauri kan haifi nawa a nan, ringi ɗaya ya karye sai ka koma kasuwa. Dab da zai zauna, ware ƙananan rokokin nan biyu su sauka ɗaya ta kowane gefen kam. Riƙe bulok ka juya inji, fistin ya hau ya sauka babu tsayawa.

Sa sabuwar robar zagaye a kusarta, fakin tof a bushe, sannan tof. Ɗaure notoci huɗun a gicciye, zagaye uku, kowane zagaye na ɗan fin na baya ƙarfi. In ka sami sufana mai ma'auni, bi adadin da ke littafin mashin ɗinka. In babu, yi amfani da gajeren hannu, kada ka ƙara masa bututu. Bayan su sai doguwar kusar hagu da ƙananan biyu na gindi. Zura sanduna ka murza su ka ji sun zauna a kwarminsu, ɗora gadon roka, zuba mai a kansu.

Saitin bawul inji na sanyi ake yi. Juya maganeto ta hannun hagu, ka ga bawul ɗin kafireto ya buɗe ya rufe, ci gaba har T ta zo kan alama. Sararin milimita 0.08 ne, duka biyun. Filagej ta shige da ɗan ja kaɗan. Riƙe sukurun ka ɗaure notinsa, ka sake aunawa, don yakan motsa.

Kafin kafireto ya koma, wanke shi, ka kuma lanƙwasa robar da ke haɗa shi da akwatin iyakilina ka duba. In ta tsage, ta nan ƙurar da ta cinye tsohon fistin ta shiga, sa sabuwa. Soson kuma in yana marmashewa a yar da shi. Mai kyau a wanke da kananzir, a bushe, a ɗiga masa baƙin mai, a matse har ya daina ɗiga. Busasshen soso ba ya kama ƙurar hunturu.

Tashin farko da ranin

Zuba baƙin mai na babur, 20W-50 ya dace da zafinmu, mai alamar JASO MA tunda kuloci a cikin mai yake. Kusan lita ɗaya yake ci. Ana duba sandar awo ne mashin na tsaye a miƙe, a ɗora ta ba tare da an murɗa ba. Bar murfin tof a buɗe, fulogi a cire, ka yi ta taka kik har ka ga mai ya ɓullo wajen roka. In bai zo ba, kada ka tashe shi, koma ka duba famfo da robar nan. Ya zo, rufe, sa sabon fulogi irin D8EA mai sarari 0.6 zuwa 0.7.

Fitar da mashin waje ka tashe shi. Kada ka yi masa wuta. Zai yi hayaƙi na 'yan mintoci, man da ka shafa ne ke ƙonewa. Saurara, duba ɗigo, kashe shi bayan minti biyar ya huce sarai. Iska ce ke sanyaya injin nan, tsayuwa a silo na dogon lokaci cutarsa take yi, balle a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40.

Kilomita 500 na farko, wato lokacin ranin da sabon ringi ke zama, kada ka wuce gudun 50 zuwa 60, kada ka ɗora buhu ko goyon mutum biyu, kada kuma ka bar shi yana nishi a babbar giya. Amma lallaɓawa fiye da kima ma ba ta zaunar da ringi. Yawon gari ya fi, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, zuwa Batagarawa ka dawo, kana ƙara wuta kana saki, kana canza giya. Kama hanyar Daura, kusan kilomita 80 a gudu ɗaya, ka bar shi sai an gama ranin, in kuma ta kama dole, ka riƙa tsayawa yana hucewa.

Wajen kilomita 300 zubar da man farko tun yana da ɗumi, za ka ga ƙyallin ƙarfe, na zaman ringi ne. Wanke 'yar ragar, zuba sabo. Tsohon man a zuba a jarka a kai wa masu buƙatarsa, kada ya shiga kwata ko kusa da rijiya. Washegari da safe, inji na sanyi, sake bin notocin tof a gicciye, sannan ka sake auna bawul, domin fakin ya kwanta, sararin ya canza. A kilomita 1,000 ka ƙara canza mai, ka buɗe kwanon matata ka share. Daga nan mai duk kilomita 1,000, soson iyakilina kuma duk sati biyu a lokacin hunturu, ko duk sati in hanyarka ta ƙauye ce.